Ƙafata da Man Sandal

Daminar bana na sha wuya, gaskiya. Cin ruwa ya kama min tsakanin yatsun ƙafa saboda tsayuwa a fadamar shinkafa. Ga dashe bai ƙare ba, ni kuwa ko taka ƙasa da ƙyar. Wani bakanike a Yako ya ce in shafa man birki. Na shafa. Sai da na taka rawar da ban taka ba ranar aurena.

Matata Hajara, da yake tana haɗa turaren wuta, ta ɗauko 'yar kwalbar man sandal, ta ce a cakuɗa kaɗan da man kaɗe a riƙa shafawa. Na ce, "Ke, da furfurata zan shiga cikin maza ina ƙamshin amare?" Ta ce, "To Malam, zauna da ɗoyinka."

Bayan magariba ina zaune ina susa, sai Iya ta faɗo min a rai, kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta. A hannunta muka tashi a Burumburum. In an ci tuwo sai ta ƙara kara a murhu, ta binne mana gyaɗa a toka, mu kewaye ta. "Kai mai kan ƙwarya, matso. Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce mu ne.

Wai kura ce makero, ciwon nan na fata, ya kama. Ta je wurin bushiya mai magani, bushiya ta ba ta wani mai mai ƙamshi. Kura ta sansana ta ce, "Haba! In shiga dawa ina ƙamshi, wa zai ƙara jin tsorona?" Sai ta haɗa nata na jarumai: barkono da toka da kanwa. Ta goga. Ta kurma ihu, ta yi ta birgima a kan duwatsu har gashinta ya zube tabo-tabo, ƙugunta ya goce.

"Shi ya sa har gobe take ɗingishi," in ji Iya. "Dariyar da ta guda kuwa, yanzu da bakinta take yi wa kanta." Mu yi ta ƙyalƙyalawa, ita kuma ta ce, "Ku yi, jikokin kura."

A lokacin na ɗauka wautar dabba ce kawai. Ashe da mu maza take. Mun ɗauka in magani bai sa mutum hawaye ba, bai isa ciwo ba. Ni karatuna bai yi nisa ba, ban san abin da ke cikin man nan ba, amma na san shinkafa ba ta jiran mai girman kai.

Washegari bayan asuba na wanke ƙafar, na tsane ta da tsumma, na miƙa wa Hajara. Ta shafa min man sandal ɗin, tana danne dariya. Na ari dogon takalmin roba na nufi fadama. Sale, maƙwabcin gonata, ya shaƙi iska ya ɗaga murya, "Jama'a, ango ya iso!" Kowa ya dara. Da aka sunkuya aiki sai ya matso kusa da ni, ya ɗago tasa ƙafar, ya yi ƙasa da murya.

"Don Allah, akwai saura a kwalbar?"