Da Kalangu Na Koma Aji

Salama gare ku, 'yan uwa da abokan arziki. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba, ni da kuka sani da surutu kamar an kunna rediyo. Masu cewa na yi kuɗi na manta da ku, Allah ya amsa bakinku. Jinya na yi.

Ga wanda bai san ni ba, malamin kiɗa da waƙa ne ni a wata firamare mai zaman kanta a hanyar Miri. Shekara tara ina bayarwa, yara suna amshi. Da muryar nan nake ci, da ita nake tinƙaho.

Da dishewa abin ya fara. Na ce mura ce. Na sha citta, na sha zuma da lemun tsami, na tauna kanumfari kamar goro. Wata biyu ba sauƙi. Wata safiya na ɗaga baitin farko a gaban 'yan aji huɗu, sai iska kawai ta fito. Yara suka tuntsire da dariya, na taya su.

Matata ce ta tare ni a ƙofa. "Baban Amira, yau ko dai asibiti, ko ka nemi mai dafa maka cittar. Ni na gama."

Kati, layi, jira. Likitan maƙogwaro ya zura mini wani siririn bututu mai kyamara ta hanci, hawaye na zuba kamar ina yanka albasa. Ya nuna mini ɗan tsiro, bai fi ƙwayar dawa ba, daidai inda murya ke fita. Ya ce, "Malam, sai an cire, a kai gwaji a ga ko ciwon daji ne. Magana za ta dawo in Allah ya so. Waƙa kam, ba zan yi maka alkawari ba."

Wallahi na tsorata.

Babur ɗina ya tafi a kuɗin aikin tiyata da magani. Bai yi mini ciwo ba kamar dokar da ta biyo baya: sati biyu ba magana, ba raɗa, ko gyaran murya babu. Bayan nan wata uku ba ɗaga murya. Ni fa! Da sakamako ya fito aka ce ba daji ba ne, a bakin ƙofar likita na yi sujada.

Sai shugabar makarantarmu, Madam Rifkatu, ta zo dubiya. Ta ce, "Ankul, ina tausayinka. Amma masu makaranta sun ce in ba ka iya riƙe aji a zangon nan ba, za su soke darasin su sa lissafi a gurbinsa." Na rubuta mata a takarda: a bar mini zangon. Yadda zan yi kuwa, oho.

Kwana biyu bayan haka Innata ta iso daga cikin gari da buhu a hannu. Kalangun marigayi babana ne a ciki.

Bari in faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa. Babana makaɗin mahauta ne. Shi ya koya mini kiɗa tun ina ƙarami, amma da na shiga kwaleji sai na riƙa cewa ɗan kasuwa ne. Na rungumi piyano don kada a ce mini ɗan maroƙi.

Inna ta dire buhun a gabana. "Da wannan ubanka yake kiran Sarkin Fawa daga ƙarshen kasuwa, bai buɗe baki ba. Kai da bokonka kiran yara ya gagare ka?"

Ranar Litinin na shiga aji, hayaniya kamar tasha. Na rataya kalangu a hammata. Kun san halinsa: ka matse ya yi sama, ka saki ya yi ƙasa, yadda Hausa ke hawa da sauka a baki. Na kaɗa "Ina kwana, yara?" Aka yi tsit. Na sake. Sai wata yarinya, Godiya, ta miƙe daga bencin baya. "Ankul, gangar nan gaishe mu take yi!"

Ajin duka ya ɗauka, "Lafiya lau, Ankul!"

Na juya ina goge allon da ba rubutu a kansa.

Kafin sati ya ƙare kowa ya gane sunansa a bakin kalangu. Saura mai bayar da waƙa, tunda ni ba hali. Na kaɗa sunan Godiya, wadda ni da kaina na tura baya wai muryarta ƙarama ce. Tabɗi! Yarinya ta buɗe baki, sai ga murya mai zaƙi ta cika aji. Shekara tara na cika aji da muryata, ashe ban taɓa tsayawa na ji tasu ba. Na ji kunya ƙwarai.

Ranar rabon kyaututtuka yara suka bayar, yara suka amsa, ni ina gefe da kalangu. Iyaye suka miƙe tsaye. Wani uba, babban ma'aikaci daga GRA, ya riƙe hannuna ya ce a ina na yi karatun wannan? Da 'yar muryar da ta fara dawowa na ce, "Wurin ubana, ranka ya daɗe. Makaɗin mahauta ne."

Ba a soke darasin ba. Ina alfahari, kuma ba zan ɓoye ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Maman Amira da ta sha karatun rubutuna mai kama da tafiyar kaza, da Inna, da Madam, da likitoci da ma'aikatan jinya. Allah ya saka da alheri.

Malamai, limamai, fastoci, masu talla: in murya ta dishe sati uku ba sauƙi, ku ajiye citta ku je asibiti. Ku sha ruwa sosai, ku rage tsawa. In likita ya ce ba raɗa, to ba raɗa.

Maganata ta dawo. Muryar waƙa ba ta dawo ba, wataƙila ma ta tafi ke nan. Jiya Godiya ta tambaye ni yaushe zan sake rerawa. Na ce mata ban sani ba.

Ta ce, "Ba komai, Ankul. Kai dai ka kaɗa, mu za mu yi maka."