Shafin da na yage daga littafin Iliya

Da za a ce in goge abu guda daga rayuwata, ba shekarun da na yi a gidan kaso zan goge ba. Waɗannan na cancance su. Abin da zan goge shi ne ranar da na sa hannu na yage shafi guda daga littafin abokina.

Ni mai gyaran rediyo ne a Madawa. Karatuna bai wuce aji biyar na lakwal ba, amma hannuna ya iya dalma, mutane kuma sun yarda da ni. Ɓarnata da ƙaramin abu ta fara. In an kawo mini rediyo, sai in cire lafiyayyen kaya guda in sa tsoho, in ce a raina ai mai shi ba zai buɗe ba. Kuma ba ya buɗewa. A haka na saba da tunanin cewa abin da ke cikin rufaffen akwati babu mai tambayarsa.

Iliya abokina ne tun muna kiwon awaki, gonar ubansa tana iyaka da tamu. Shi Kirista ne, yana kula da wutar lantarki a asibitin mishan. Duk ranar kasuwa yakan zo rumfata mu sha shayi.

A tsakiyar shekarun casa'in, bayan darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, kayan waje suka fi ƙarfin talaka. Lokacin mutanen ƙauye sun fara sayen fano mai kama wutar rana. Tsakanin fano da batir ana sa wani ɗan akwati da ke yanke wuta in batir ya cika, shi ne ya yi tsada. Sai Iliya ya ce zai haɗa nasa da kayan matattun rediyo. Ya yi wata da watanni yana zane a littafi. Ranar da ya kawo mini na farko, na ga yana aiki sarai.

Na ce, “Iliya, abin ga ya yi, mi kake jira? Mu kai kasuwa.”

Ya ce, “A inuwa ya yi. Bari in ga halinshi bisa rufin kwano da tsakar rana.”

Na ce, “Kai da gwaji! Ko Hannatu sai da ka gwada ta shekara bakwai kahin ka aure ta.”

Ya yi dariya ya ce, “Ka taɓa jin ta ƙone? An ce Turawa kwamfuta ke gwada musu zane tun ba su ɗauki dalma ba. Ni tawa kwamfutar ga ta nan: tsohon batir, ƙwan fitila da rana.”

Daga bakinsa na fara jin labarin birebe, takardar da hukuma ke bai wa wanda ya ƙirƙiro abu, a rubuta sunansa, kada wani ya kwaikwaya ba da izininsa ba. Burinsa ke nan, in ya gama ya tafi Yamai ya nema.

Wata ranar kasuwa ya bar jakarsa a rumfata ya tafi sayen albasa. Na buɗe littafin. Zane biyu na gani. Ɗaya tsaf, an ja shi da rula, ga sunan Iliya a ƙasa. Ɗayan duk gogewa da kibiyoyi, har da tabon shayi. Ban yi dogon tunani ba, na ce mai tsabtar shi ne gamamme. Na yage shi, na sa reza na yanke sunan.

Da kasuwa ta zagayo ya dawo, ya tambaye ni ko na ga wata takarda. Na rantse ban gani ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, “To, in ta faɗa hannun wani, a gaya mashi kada ya gina ta. Wagga ita ce ta farko, zafi na sa ta manta da yanke wuta.”

Ni da na saba da yaudara, sai na ɗauka shi ma dabara yake yi mini don in ji tsoro. Ban yi zaton mutum zai faɗi gaskiya don amfanin ɓarawonsa ba.

Na sassaƙa hatimi da robar taya, na sa wani mai tafireta ya buga mini takarda da Faransanci, wai birebe ce, ga sunana ɓaro-ɓaro. Na bar Madawa don kada mu haɗu, na shiga bin kasuwanni: Buza, Karofane, Dewule, Tamaske. Duk wanda ya sayi akwati sai in ba shi kwafin takardar, in ce masa gwamnati ta gwada. Lokacin sanyi ne, akwatunan suna aiki. Har aka fara ce mini injiniya, ni kuma ina amsawa.

Sai bazara ta shigo. A Tamaske akwai wani tela, Malam Hamidu, da ya saya don ya samu fitila a shagonsa. Wata azahar ya ji batirinsa yana tafasa. Ya duƙa ya cire waya, sai batirin ya fashe masa a fuska. Idonsa na dama ya tafi nan take, na hagu ya rage sai dishi-dishi.

Jandarmomi ba su sha wahalar nemana ba, ni da kaina na raba musu sunana a kowane ƙauye. Gaban alƙali na ƙara wani abin kunya: na ce zanen ba nawa ba ne, na Iliya ne, shi za a kama. Aka kira shi. Ya zo da littafin, ya ɗora shafin da aka kama a hannuna a gurbin yagar, ya zauna daram. Sannan ya buɗe mai tabon shayin, ya nuna gyaran da ya yi. Alƙali ya tambaye shi ko yana da magana a kaina. Ya ce abu guda yake roƙo, in faɗi ƙauyukan da na sayar.

Ina kaso, shi yana bisa keke yana bin ƙauyukan nan cikin rana, yana cire akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Amma bayan abin da ya faru, babu wanda zai ƙara yarda da akwatin haɗin gida a duk yankinmu na Adar, ko da na kirki ne. Iliya bai je Yamai ba. Gamammen zanensa yana cikin littafi har ya rasu.

Da aka sake ni yana nan da rai, shi na fara nema. Ya ce ya yafe, amma ba wajensa ya kamata in fara zuwa ba. Na hau mota zuwa Tamaske. Na tarar da Malam Hamidu a ƙofar shago, yana lalubar bakin riga. Na faɗi sunana. Ya miƙo mini allura ya ce, “Injiniya, ka zo? Zauna ka sa mini zaren ga, tun safe nike fama.” Sai a karo na huɗu zaren ya shiga.

Kwanan baya ɗiyata da ta yi karatun lantarki ta nuna mini wani shafi a intanet. Ka zana haɗin wayoyinka, ka danna, sai ya nuna maka yadda wuta za ta bi da inda abin zai gaza, tun ba ka taɓa dalma ba. Ta ce masu ƙirƙiro irin wannan ma sukan nemi birebe a kansa. Ta ga ina share hawaye, ta ce, “Baba, lafiya?” Na ce ba komai, na san wani da ya yi wannan da rufin kwano.

Ku matasa, yanzu an sauƙaƙa muku gwaji, kwafar aikin wani ma ta fi sauƙi. Ina roƙonku, kada ku sayar wa mutum abin da ba ku gwada ba, don a ɗakinsa zai ajiye, kusa da fuskarsa da ta ƴaƴansa. Kuma in kun ga sunan wani a ƙasan zane, ku bar shi a wurin. Ni na yanke guda da reza, har yau ban sami hanyar mayar da shi ba. Kada ku yi abin da na yi.