Baballe da Tsohuwar Matoya

Kullum da hantsi Baballe yakan zagaya tsohuwar matoyar nan ta bakin teku, can gefen garin Al Wakrah a ƙasar Larabawa, yana tsince kwalabe da guntayen sigari daga tsakanin duwatsu. A cikinta ne mutanen zamanin baya suke toya dutse ya zama farar ƙasar gini. Yanzu an killace ta tare da ɗan ɗakin masunta na kusa da ita, Baballe ne mai gadi. Ya daɗe a kan aikin, ƙarshen watan nan zai koma Gumel.

Babu abin sata a wurin. Wuta ake tsoro, don ginin ya tsufa, zafi kaɗan zai tsaga shi.

Wata Babbar Sallah mutanenmu da ke aiki a nan suka zo gasa naman layya, ina cikinsu. Iska ta hana gawayi kamawa. Alhaji Ɗalhatu, dattijon direban da ya samo wa Baballe aikin, ya leƙa cikin matoyar ya ce, "Ga tukuba Allah ya ba mu. Yalla, maza a kawo gawayin."

"Baba Alhaji, a yi haƙuri, ban da nan," in ji Baballe.

"Abin da aka gina don wuta za ka hana wa wuta? Ko gadon gidanku ne?"

Aka kwashe da dariya. Baballe ya sunkuyar da kai ya ce, "Amana ce, Baba." Bai matsa daga bakin matoyar ba.

Alhaji ya koma mota. Baballe ya je can nesa, ya durƙusa da kakinsa ya haƙa rami a yashi, ya kare iska da bayansa har wuta ta kama. Kowa ya ci, ban da Alhaji. Wata da watanni ba ya amsa gaisuwarsa, amma ba Juma'ar da Baballe bai je ya gaishe shi ba.

Baballe, kai ne ka yarda a yi fushi da kai a kan ginin da ba na garinku ba, ba ka kuma rama ba.

Makon jiya Alhaji da kansa ya kawo Shamsudeen, wanda zai karɓi gadin. Ya nuna masa matoyar ya ce, "Ba a hura wuta a nan. Ni ma an hana ni."

Mun gode, Baballe, Allah ya kai ka gida lafiya. Mu da muka rage, duk abin da aka ba mu tsaro, mu tsaya a bakinsa haka, ko da wanda ya zo namu ne.