Dami na Goma da Keken Baba Tsoho

Ranar Lahadin da ta wuce, ƙarfe goma da kwata na safe, ina zaune a benci na biyu a cocinmu. Matata tana ɓangaren mata, fasto da dattawan ikilisiya uku suna gaba. Bikin godiya na girbi ake yi. Ana cikin miƙa baiko, wato sadakar coci, a ambulan, sai wata tsohuwa ta shigo da damin dawa a ka, ta sauke a gaba. Ƙanshin sabuwar dawa ya bugi hancina, har na daina jin waƙar da ake rerawa. Zan gaya maka abin da na tuna, daki-daki, yadda ya faru.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dawakin Tofa da Makoɗa, inda gona ke haɗe da gona. Gidajen Kirista kaɗan ne, maƙwabtanmu duk Musulmi. In an yi girbi su fitar da zakkarsu, mu fitar da tamu. Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, shi ne farkon wanda ya ba da gaskiya a gidanmu. Kada ka ɗauka maƙiyin dukiya ne. A ciniki ba a cin ribarsa, kuma kullum yana roƙon Allah ya cika rumbu. Yana da keke baƙi da ya saya da kuɗin gyaɗa. Duk Asabar sai ya wanke shi, ya goge ƙararrawar da toka. Ko babana ba ya hawa.

Ga tsarinsa na girbi. Na farko, a yanke dawa a ɗaure dami-dami. Na biyu, shi ya zauna a gindin gawo da sanda. Na uku, a riƙa wucewa da dami ɗaya-ɗaya ta gabansa, yana taɓa kowanne. Tara su tafi hagu, na gida ne. Na goma ya tafi dama, na rumbun coci ne, wanda dattawa ke buɗewa tsakiyar damina lokacin da hatsi ya ƙare a gidaje. Dokar ita ce ba a zaɓe. Wanda ya zo na goma, shi ne.

Shekarar da na ci jarrabawar makarantar kwana, ruwa ya ɗauke da wuri. Ana son akwatin ƙarfe, da bokiti, da kayan makaranta, da kuɗin mota. Na ji babana yana gaya wa innata cewa in dawar sayarwa ba ta kai ba, sai dai in haƙura in kama fartanya. Shekarata goma sha uku, kuma ni ne mai miƙo dami. Yanar ido ta fara rage wa Baba Tsoho gani. Sai na ware ƙananan dammunan bakin gona, waɗanda tsuntsu ya tsattsage, na ajiye su gefe. Ina ƙirgawa a zuci. Duk sanda aka zo na goma, in ɗauko ɗaya daga cikinsu. Sanda ta taɓa, dami ya tafi dama. Sau shida na yi haka, ba wanda ya tanka. A lokacin gani nake wayo na yi, har ina ce wa kaina ai Allah ba ya rasa komai.

Washegari da hantsi aka zo ɗora wa jaki dammunan coci. Baba Tsoho ya ce shi zai ɗaga da kansa, kamar yadda ya saba. Ya ɗaga na farko, ya ajiye. Ya ɗaga na biyu da hannu ɗaya, ya ajiye. Ya sa aka kira ni tsakar gida, gaban babana da kakata Iya.

"Abokina," in ji shi, don haka yake kirana, "idona ne ya mutu, hannuna yana nan. Wa ya jera dammunan jiya?"

Na ce ni ne. Babana ya ce, "Baba, yaro ne, kuma saboda makaranta ya yi."

"Na sani. Tsaya tukuna. Abokina, wa ke cin dawar coci?"

Na ce Allah ake ba wa.

"Allah ba ya cin tuwo. Na ce wa ke ci?"

Iya ce ta amsa daga bakin murhu, tana kirana da sunan wasan jika: "Mijina, ka manta wadda ke cika maka aljihu da ƙuli-ƙuli?" Tana nufin gwauruwar bayan gidanmu, mai marayu uku. Na sha ganinta da ƙwarya a bakin rumbun coci, amma ban taɓa haɗa ƙwaryar nan da damin da nake miƙawa ba sai ranar.

Bai dake ni ba. Ya ce in mayar da ƙananan shida cikin na gida, in zaɓo manya shida da hannuna, in kai coci a kaina ɗaya bayan ɗaya, jaki ya huta. Babana ya ce a hankali, "In an yi haka, maganar makaranta ta tashi." Na yi sawu shida, ƙaiƙayi na cin wuyana, ina kuka. Ba kunya ce ta sa ni kuka ba, kada in yi maka ƙarya. Akwatin ƙarfe nake yi wa.

Ranar kasuwa ya fita a kan keke. La'asar sakaliya ya dawo a ƙafa, da akwati a ka, bokiti a hannu. Iya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To, ina amaryar taka mai ƙararrawa?" Ya ce, "Na aurar da ita." Sannan ya juyo wurina. "Abin da ka so mai kyau ne. Kuɗi ma abu ne mai kyau, don aiki aka ba mu ajiyarsa. Amma ka so ka biya da tuwon marayu. In biya za a yi, a biya da abin da ke nawa."

Na tafi makaranta. Aji uku na yi, ban zama wani babba ba. Shi kuwa bai sake mallakar keke ba. Har ƙarfinsa ya ƙare, a ƙafa yake zuwa kasuwa, yana tsayawa hutawa a gindin bishiyoyi.

Yanzu rumbun coci ya rushe, gawon ma an sare. Baiko ya koma ambulan da waya, wani lokaci har a faɗi sunan wanda ya ba da mai yawa a tafa masa. Ba na zargin masu hali, rufin cocinmu su suka yi. Abin da ke damuna shi ne ambulan ba ta da nauyi. Ba mai ɗagawa ya gane ko na bakin gona aka zaɓo, ni ma na sha zaɓowa bayan na girma.

Saboda haka ina roƙonka abu biyu. Kafin ka miƙa baikonka na gaba, ka fara sanin bakin da zai ci shi. Sannan ka riƙe shi a hannu ka ɗan tsaya, ka auna da kanka, tun da tsohon da zai ɗaga ya gane ba ya nan.