Lambar Kawu Mu'azu

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Talata, 14 ga Afrilun 1959, Allah Ya karɓi ran ƙanen mahaifiyata, Mu'azu malamin daji, a Tsohon Birnin Gwari, bayan jinyar kwana tara.

Kawu, ka san ban taɓa yarda da lambar nan ba. Ɗan ƙyalle ne mai hoton laima da fukafukai biyu, irin wanda ake bai wa sojan da ya koyi dirowa daga jirgin sama. Da ita ka dawo daga yaƙin Bama, kuma shekara goma sha uku matarka Inna Ladi tana farke ta daga tsohuwar riga tana ɗinka ta a sabuwa. Amma kai ne mutumin da ko rumbu ba ya hawa. In aka tambaye ka labarin jirgin, sai ka tambayi lafiyar gida.

Ta yi maka aiki, wannan kam. Masu saran itace ba izini a wajen Gwaska sun ɗauka daga sama kake faɗowa, har suna sara suna ɗaga kai. Ba ka taɓa gyara musu zancen ba. Ba ka kuma taɓa kai ɗayansu gaban alƙali ba. Gatarin kake karɓewa, ka mayar wa matarsa da damina. Ni ma kai ka raka ni tashar mota ranar da zan tafi karatu Ibadan, lokacin da sauran dangi suka ce ba su san da tafiyar ba.

Duk da haka, bara na rubuta wa ofishin tsofaffin sojoji takarda a ɓoye, ina tambayar gaskiyar lambar. Amsa ta iso kwana uku bayan an binne ka. Sun ce suna da Mu'azu Zariya goma sha ɗaya a rajista, da sunan lardinmu kawai, ba sunan uba, ba sunan gari, ba za su iya cewa wanne ne kai ba. Mutanen da suka san lambar kowace bindiga ke nan.

A zaman makoki an yi ta raɗa cewa a kasuwar Bombe ta ƙasar Indiya ka saye ta. Da aka watse Inna Ladi ta ja ni ɗaki, lambar na tafin hannunta.

"Ke da kika yi boko, faɗa mini. In ba Ja'afaru, ko in ɓoye? Ba na so ɗana ya gaji abin da za a yi masa dariya."

"Inna, ke me kika gani?"

"Ni dai in zai sauka daga mota, sai ya haɗa ƙafafu ya lanƙwasa gwiwa, kamar mai jin tsoron ƙasa. Har ya mutu haka yake yi."

Ni ma na sha ganin wannan, irin saukar sojan laima. Na kuma san ana iya koyonsa da kallo. Amma na auna shaidarta da ta ofishin da bai san sunan ubanka ba, na ce ta ba Ja'afaru.

Kawu, shakkata tana nan, sai dai yanzu ba kai kaɗai take kallo ba. Allah da Ya san wanne ne kai cikin goma sha ɗayan nan Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya yafe mini takardar. Allah Ya ba Inna Ladi da Ja'afaru haƙuri. Amin.