Jar Motar Tela da Gwiwar Inna

"Ai ban ƙi ba, Yaya," in ji tela, yana goge gilashin 'yar jar motarsa da tsumma. "Gobe zan kai ta a musanya min da mai tsayi."

Yayarsa ta ce, "Da ya fi. Mota kamar kwaɗo, ciki na shafar ƙasa! Inna da ciwon gwiwa, kullum sai an ciro ta kamar ƙusa."

Shekara shida yana lallaɓa motar nan. Don gudu aka ƙera ta, amma shi yadi yake loda mata a baya. Ranar Talata kuma ya kai Inna asibiti, yana hawa kowane tudun titi a karkace, kamar mai ɗauke da ƙwai.

Inna ta ɗaga labule. "Wa ya aike ku? A bar min motata."

"Inna, fitowar fa?" in ji yayar.

"Fitowar nake so. Tun da autan nan nawa ya yi gemu bai ƙara rungume ni ba, sai in zai fito da ni daga motar nan."

Tela ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ya rataya tsumman a kafaɗa, ya nufi shago, inda wata riga ke jiran maɓalli.