Shafin Cigiyar Dympna

Duk ɗan Ireland da ya sauka Hamburg cikin shekara talatin ɗin nan ya sha shayin Dympna Geraghty. Ma'aikaciyar jinya ce daga gundumar Mayo ta Ireland, ta yi ritaya, kuma tambayarta ba ta canzawa: "Ɗan wace gunduma ne kai? Su wa suka haife ka?" Kafin shayi ya huce ta lalubo maka dangi.

Ita ke riƙe da shafin intanet na ƙungiyarmu ta 'yan Ireland tun kafuwarsa. Gaskiya ya tsufa, kore shar kamar an ɓarar da fenti, sai ka yi gumi kafin ka gano ranar taro. Ni uwar iyayi na kawo shawarar a sabunta shi, muka ba Malachy Devane aikin, tunda sana'arsa ce. Ban san gyambo na fama ba.

A can ƙarshensa akwai shafin cigiya: sunayen maza goma sha ɗaya da suka zo aikin gini, abin bai yi musu kyau ba, kunya ta hana su aika wasiƙa gida. Na uku a jerin ƙanenta ne, Cathal. Nemansa ne ya kawo ta Jamus.

Ranar zaman kwamiti Malachy ya ce, "Wannan kam cire shi za mu yi. Ban da ke, Dympna, mutum ɗaya tak ke buɗe shi."

"Wane ne?"

"Suna ba ya fitowa, gari kawai. Kiel. Ran ɗaya ga kowane wata."

Dympna ta ajiye kofinta. Kiel fa, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce daga nan a jirgin ƙasa. Na ce mata a hankali, ai zai iya zama kowa cikin sha ɗayan.

"Wa ya tambaye ki, Nuala?" Ta juya kan Malachy. "Kai kuma sarkin gyara, in ya dawo ya tarar an sauya gida, me zai ɗauka? Cewa zai yi mun gaji da nemansa."

"Haba Dympna, koren nan zai ɓata mini aiki!"

"Ya ɓata. Kada ka taɓa ko ɗigo."

Haka sabon shafinmu ya fito fes a tsakiyar wata, da tsohon koren shafin cigiyar maƙale a inda yake. Layi ɗaya kawai ta sa aka ƙara: "Cathal, Mama ta rasu ba ta riƙe ka da komai ba. Butar shayi na kan wuta."

Sati biyun nan ban taɓa ganin ta haka ba. Kullum sai ta kira ni: ko layin da aka ƙara ya yi nauyi? Ko labarin rasuwar zai kore shi gaba ɗaya? Ni ma tsoro ya kama ni, don ni na tono maganar.

Ran ɗaya ga wata na tafi gidanta da burodi, ko kallonsa ba ta yi ba. Wajen ƙarfe huɗu Malachy ya kira, ta miƙo mini wayar.

"An buɗe," in ji shi. "Da ko minti ɗaya ba ya yi. Yau minti goma sha tara."

Na faɗa mata. Ta tashi ta cika buta da ruwa, ta sauko da kofi na uku.